Ɗan Farin Baiwa Mai Waina

Shekara goma sha ɗaya na yi gida ɗaya da Baiwa mai waina a Anacha, a gidan hayar Alhaji Maikuɗi dillalin albasa, nan kusa da Kasuwar Ose Okwodu. Ni tela ne, sunana Gimba. Shagona yana jikin zauren gidan, ita kuma tandarta tana gindin wani mangwaro daura da ƙofata, don haka kusan duk wanda ya zo cin waina sai ya leƙo ya yi mini sannu da aiki.

Asalinta mutuniyar Gidan Ɓaure ce, wani ƙauye a ƙasar Rano. Can ta yi auren fari, ta haifi ɗa namiji aka sa masa Awwalu. Wata biyu da yaye shi mijin ya rasu. Da ta fita takaba 'yan'uwan mamacin suka ce ɗa nasu ne, suka riƙe shi, ita kuwa ta koma gidan iyayenta. Daga baya wani bafataken goro mai suna Ɗan'auta ya aure ta, ya taho da ita kurmi. Ta haifa masa biyu, duk suka koma tun suna goye. Shi ma a shekarun yaƙin duniya ya kwanta ciwon ciki na kwana tara, ya cika. Ba ta koma arewa ba. Iyayenta sun riga sun rasu, kuma ta ce ba za ta je wa ɗanta hannu rabbana ba bayan duk waɗannan shekaru. Kullum maganarta ita ce baɗi in Allah ya kai mu.

Da suyar waina ta riƙe kanta. 'Yan dako da direbobi su ne masu cinikinta na safe, da hantsi kuma sai matan Ibo masu sayar da kifi su zo, ta yi ta hira da su da yarensu kamar a nan aka yanke mata cibi. Ba ta ɓarna. Tana zubin adashe wuri biyu, abin da ta kwasa kuma ko ta sayi tasa ta jera a ɗaki, ko ta ƙulle a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado. Sunan ɗanta ba ya fita daga bakinta, tunda ɗan fari ne. "Wancan na gida" take ce masa. Amma labarinsa kam, duk wanda ya daɗe a kan bencinta ya ji shi.

A farkon shekarar 1958, saura 'yan makonni azumi, wata rana bayan la'asar wani dogon mutum mai ɗan gemu ya yi sallama a zaure, riƙe da ƙunshin kaya. Zai yi shekara talatin. Ya durƙusa ya gaida Alhaji Maikuɗi, gaisuwa mai tsawo irin ta mutanen ƙauye, sannan ya ce yana neman wata mata, Baiwa 'yar Malam Dada ta Gidan Ɓaure.

Alhaji ya ce, "Tana nan. Kai wane ne nata?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne Awwalu."

Baiwa tana gindin mangwaro tana kankare tanda, ta ji komai. Na ga cokalin ya faɗi daga hannunta. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shige cikin gida da sauri har tana tuntuɓe da murhu. Can muka jiwo kukanta. Ban taɓa jin ta yi kuka ba sai ran nan.

Tsarabar da ya kawo daddawa ce da kuka da busasshiyar kuɓewa. Ya ce baffansa da ya riƙe shi ne ya faɗa masa inda take kafin ya rasu, shi kuwa ya sayar da akuyarsa ya yi kuɗin jirgi zuwa Inugu, daga can ya hawo mota. Alhaji ya ba shi ɗakin baƙi. Washegari Baiwa ta raba waina sadaka, ba ta karɓi ko kwabo ba.

Gaskiya mutumin ya shiga ran kowa. Ba a riga shi sahun asuba. Ya kama dakon albasa a rumfar Alhaji, in an sallame shi da yamma sai ya kawo abin da ya samu ya ajiye a bakin ƙofar Baiwa, ya ce, "Inna, ga ɗan abin cefane." Shi ke faskara mata itace, shi ke ɗebo ruwa. Ita kuwa ba ta kallon idonsa, ba ta zama inda yake, balle ta zaunar da shi ta yi masa tambayoyi. Ta bayan labule take amsa gaisuwarsa, tuwonsa ma a hannun wasu take aika masa. Sai in ya juya baya ta ɗan ɗaga labulen ta bi shi da kallo har ya fita.

Mutum ɗaya ce hankalinta bai kwanta ba: Zuliha, aminiyar Baiwa, matar wani mai sayar da barkono, ɗakunansu na kallon juna. Ita ta fara cewa harshensa ya fi kama da na mutanen Bauchi. Da aka taɓa masa zancen, ya ce ai ya yi shekaru yana haƙar kuza a Jos, harshen ya gauraya. Zuliha ta lura kuma duk abin da ya sani game da Gidan Ɓaure, abin da mu ma muka sani ne daga bakin Baiwa. In ta tambaye shi wani da ba ya cikin labarin, sai ya ce wane ya rasu, ko wane ya yi ƙaura. Sannan akwai zancen tabo. Yaron Baiwa, lokacin yana rarrafe, kunu mai zafi ya zube masa a gadon baya, ya bar masa tabo babba. Wannan kuwa, komai zafin rana, ko sauran 'yan dako sun tuɓe, shi ba ya cire singileti.

Wata rana ina yanka yadi na ji Zuliha tana ce mata, "Yaya, ki sa a duba bayansa mana. Me zai ci?"

Baiwa ta ce, "Haba Zuliha. In ce wa ɗan fari tuɓe riga in gani? Da wane idon?"

"To ki bar ni in sa maza su duba."

"In kuma ya gane ana zarginsa fa? Ya taso tun daga Rano."

Zuliha ba ta haƙura ba. Da Baiwa ta kawo mini farin yadi ta ce in ɗinka masa rigar salla, Zuliha ta faki ido ta ce mini, "Malam Gimba, in zai gwada, ka dubi bayansa." Ranar gwaji ya karɓi rigar ya yi godiya, ya shiga ɗakinsa, ya fito sanye da ita. Na gyara masa wuya, na ce ta yi masa kyau. Iyakar abin da na yi ke nan. Na ji nauyin in ce wa baƙo mai azumi ya tuɓe a gabana.

Kwana huɗu bayan ƙaramar salla ya sami Alhaji a zaure da magana. Ya ce bai zo don ya zauna ba, ya zo ne ya ɗauki mahaifiyarsa ya mai da ita gida. Amma ba shi da ɗakin da zai sa ta. Yana so ya koma ya gina mata soro, ya sayi azara da ƙofar katako, ya dawo ya tafi da ita kafin babbar salla. Sai dai lokaci ya ƙure, in ruwa ya sauka a arewa ba sauran gini sai wata shekara. Abin da yake hannunsa kuma ba zai kai ko'ina ba.

Alhaji Maikuɗi mutum ne da ya daɗe a kasuwa. Ya ce, "Madalla da wannan niyya. Ga Manu direbana zai tashi Kano ɗaukar albasa jibi. Bari ya ratsa Rano ya gaida dagacinku da mutanen gida, ya ga filin, ya jiwo mana tsadar azara. Mako uku ko huɗu ya dawo. Sai a san abin da za a ba ka."

Mutumin ya ɗago, idanunsa sun cika da hawaye. Ya ce, "Na gane, Alhaji. Ba a yarda da ni ba. Ba komai. Ni dai na ga mahaifiyata, buƙatata ta biya." Ya tashi ya shiga ɗaki ya fara ɗaure kayansa.

Baiwa tana tsaye bayan zanar da ta raba zaure da cikin gida. A iya sanina ba ta taɓa katse Alhaji ba, amma ran nan ta ce, "Alhaji, don Allah a bar shi. Shekara ashirin da takwas ban ba shi ko loma ɗaya ba. Yau ya nemi abu, kuma ni zai yi wa, sai in ce a je a bincika?"

Alhaji ya ce, "Baiwa, dukiyarki ce. Ni shawara na bayar."

Cikin kwana uku ta buɗe akwatin ƙarfe, ta roƙi uwar adashe ta ba ta kwasarta tun kafin layi ya zo kanta, ta kira dillaliya ta kwashe tasoshin nan da ta shekara ashirin tana jerawa. Ya tashi fam sittin da 'yan kai. Zuliha ce ta miƙa masa, fuskarta a murtuke. Ya zare fam biyu ya mayar, ya ce Inna ta riƙe na jari. Wannan mayarwar ta sa har Alhaji ya ce wataƙila shi ne ya munana zato. Ranar Asabar da safe muka raka shi tasha, ya hau motar Inugu sanye da rigar da na ɗinka.

Baiwa ta shiga shiri. Ta sanar da masu cinikinta cewa ta kusa tafiya. Ta sayar da gadonta ta koma tabarma, ta ce wa zai ɗauki gado har Rano. Ta sayi ƙananan riguna na yara ko da akwai jikoki, domin kunya ta hana ta tambaya. Babbar salla ta zo ta wuce. Ta ce ƙila gini ne ya ja. Ta juya tandarta ta fuskanci hanyar tasha, duk dogon mutumin da ya ɓullo sai ta tsaya da juya waina har ya matso. Wainar da ta ƙone a watannin nan ba ta da iyaka.

Da aka shiga wata na huɗu, Alhaji ya aiki Manu Rano bai gaya wa Baiwa ba. Bayan mako biyar Manu ya dawo, ya same mu a zaure, ya ƙi zama sai da Alhaji ya matsa masa. Ya ce ya je Gidan Ɓaure, dagaci ya haɗa shi da wanda ya kai shi wata gonar gyaɗa. A can ya tarar da Awwalu ɗan Baiwa, gajeren mutum, mai mata ɗaya da 'ya'ya uku, wanda bai taɓa wuce Kano ba a rayuwarsa. Tun yana yaro aka gaya masa mahaifiyarsa ta mutu a kurmi. Manu ya ce da ya faɗa masa tana raye, sai mutumin ya zauna a kan kunyar gyaɗa.

Zuliha aka sa ta gaya mata. Mun zaci za ta yi kuka, amma ba ta yi ba. Ta fito har zaure, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "To wane ne ya ci tuwona wata uku?"

Washegari ni da Alhaji muka kai ta caji ofis. Sajan ɗin da muka tarar ya saurare mu da kyau, ya buɗe littafi, ya tambayi sunan wanda ake ƙara. Muka dubi juna. Ya tambayi garinsu, ya tambayi ko akwai hoto, ko wata takarda da ya sa wa hannu. Babu ko ɗaya. Alhaji ya ce sunan da mutumin ya ba mu kawai muka sani. Sajan ya ce to a faɗi wannan ɗin, da ƙauyen, ya aika arewa a nemo shi. Da na fassara wa Baiwa, sai ta miƙe tsaye.

Ta ce, "Su je su kamo wancan na gida ke nan, yana gonarsa? A'a. Ku ce masa ya rufe littafinsa."

Muka dawo gida.

Bayan kamar wata biyu wani mahauci ya zo daga Diobu ta Fatakwal wajen Alhaji, aka ba shi labari. Ya ce su ma an yi wa wani tsoho haka a unguwarsu shekara biyu da suka wuce, dogon mutum ne ya zo a matsayin ɗan ƙaninsa. Ya ce daga baya suka gano tun kafin ya zo da sunan dangi ya taɓa shigowa unguwar yana dako, ya yi 'yan kwanaki yana sauraron hirar mutane, domin ba wanda ke riƙe fuskar ɗan dako.

Ina jin haka sai na tuna wata rana, kusan shekara guda kafin zuwan baƙon, wani ɗan dako mai ƙwaryar molo, ba gemu, ya kawo mini wando ya yage. Ya zauna a shagona ɗaure da buhu a ƙugu ina yi masa faci. Ya ce wainar matar nan ta tuna masa gida, 'yar ina ce? Ni kuwa hannu na aiki, baki na zuba. Na gaya masa Gidan Ɓaure, na gaya masa Malam Dada, na gaya masa baffan da ya riƙe yaron, da sunan da ita ba ta faɗa amma mu mutanen gidan muka sani. Har zancen kunun nan na ba shi. Ya biya ni taro, wato kwabo uku, ya tafi. Ba zan rantse cewa shi ne ba, amma tsawon ɗaya ne, kuma na san dalilin singiletin. Na yi niyyar gaya mata ya fi sau goma. In na fito na gan ta tana fifita wuta sai in ce mata sannu da aiki, in koma kan kekena. Har ta bar duniya ban faɗa ba.

Tun daga lokacin Alhaji ya kafa doka a gidansa, wasu masu gidaje ma suka ɗauka. Duk baƙon da ya zo da sunan dangin wani, za a ba shi masauki da abinci, amma ba mai ba shi ko sisi sai an aika garinsu ta hannun wanda aka sani, amsa ta dawo. In ya ce abin na gaggawa ne, to shi ne ma za a fi jira. Sau biyu na ga an yi aiki da ita. Na farko ɗan'uwa ne na gaskiya, ya yi mako biyar yana jira, ya tafi da fushi. Na biyu ya ce zai je wanka kogi a kwana na biyu, ya sulale bai dawo ba.

Baiwa dai dokar ba ta maido mata da komai ba. Da fam biyun nan ta ci gaba da suya, ta rage yawan shinkafa, ta daina adashe. Manu ya riƙa kawo wasiƙa daga Gidan Ɓaure, rubutun ajami na limamin ƙauyen, ni nake karanta mata. Awwalu yana gaishe ta, yana neman gafara, yana cewa in gyaɗa ta yi kyau zai zo. Shekara biyu a jere gyaɗar ba ta yi ba, abin da aka samu haraji ya cinye. Takan saurara har ƙarshe, ta ce in sake karantawa, sannan ta ce, "Manu ne ya gan shi, Malam Gimba. Ni ban gani ba." Takan aika da goro da gaisuwa. Rigunan yaran suna nan a akwati, ta ce sai ta ga masu su da idonta.

A shekarar da aka sami mulkin kai, mutanen gida da na rumfar albasa suka haɗa mata kuɗin mota da na jirgi, Manu ya ce shi zai kai ta har ƙofar gida. Ta yi godiya, ta ce a bari damina ta wuce. Damina ta wuce ta ce ƙafafunta sun kumbura, kuma da gaske sun kumbura. Zuliha ta tsare ta wata rana ta ce, "Yaya, me kike tsoro?"

Ta ce, "In na je na ji raina bai amsa ba fa? Wancan da ya zo, raina ya amsa."

Aka mayar wa kowa kuɗinsa.

Hayaƙi ya ci idanunta, a ƙarshe da lalube take juya waina. Ta rasu cikin damina a 1962, bayan jinyar mako biyu a ɗakin Zuliha. Abin da ta bari bai fi a ɗauka a hannu ɗaya ba. Ni na rubuta wa Awwalu, Manu ya kai masa tare da kayan.

Amsarsa ta zo bayan kaka. Bai tambayi ko ta bar wani abu ba. Ya yi godiya ga Alhaji da duk wanda ya yi mata sutura, sannan ya ce yana roƙon arziki ɗaya: wanda ya san ta ya gaya masa kamanninta, domin 'ya'yansa suna tambayarsa, shi kuwa bai sani ba.

Na ɗauki alƙalami na rubuta masa cewa gajera ce, baƙa, mai faɗin goshi da wushirya. In za ta yi dariya takan sa bayan hannu ta rufe baki. Tana ɗan karkata hagu in tana tafiya, saboda ɗaukar itace. Muryarta ƙarama ce, sai mutum ya matso yake jin ta. Na ce masa Manu ya ce goshin nan irin nasa ne. Takardar ta cika, na naɗe, na kai wa Manu a tasha yana ɗaure tamfol.